Goyo da Lulluɓi: Me Ke Faruwa a Ƙarƙashin Mayafi?

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna kudu maso yammacin Jihar Katsina, sun yi iyaka da Jihar Zamfara ta yamma da Jihar Kaduna ta kudu. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna mutanen da ke cikinsu sun haura 500,000, akasarinsu manoma da makiyaya. A wannan yanki, kamar sauran ƙasar Hausa, jariri yakan shafe babban ɓangare na watanninsa na farko a bayan uwarsa, ko na kakarsa, ko na yayarsa wadda sau da yawa 'yar makarantar sakandare ce. Da zane da majanyi ake kai shi gona, da su ake kai shi awo asibiti, da su ake shiga motar haya da shi ranar kasuwa.

Goyo kansa abu ne mai amfani ƙwarai. Yana sa jariri kusa da nono, yana ba shi ɗumi, yana rage masa kuka, yana kuma bar wa uwa hannuwanta biyu ta yi aiki. Abin da wannan darasi zai duba shi ne abin da ake ƙarawa bayan an gama ɗaure majanyi, watau jawo mayafi ko hijabi ko tawul ko bargo a rufe yaron ruf har kansa. Ana yin haka da kyakkyawar niyya. Wata tana gudun rana ce, wata ƙura, wata ƙuda, wata tana tsoron kada sanyi ya kama shi, wata kuma ba ta son idon mutane ya faɗa kan jinjirin da bai yi arba'in ba. Wata ma ba da niyyar komai ba: dogon hijabi ta saka don fita unguwa, yaron da ke bayanta ya shige ciki. Duk waɗannan dalilai abin fahimta ne. Sai dai ilimin kimiyya ya nuna cewa 'yar iskar da ke tsakanin bayan uwa da mayafi tana sauyawa cikin 'yan mintoci, kuma jikin jariri ba shi da ƙarfin jure wannan sauyi kamar na babba.

Bambancin jikin jariri da na babban mutum

A zuba kunu mai zafi a ludayi, a bar saura a tukunya. Na ludayi zai huce tun na tukunya yana tururi. Dalili kuwa shi ne ƙaramin abu yana da faɗin baya mai yawa idan aka gwada da abin da ke cikinsa. Ɗalibin lissafi zai iya tabbatar da wannan da kansa. Dunƙule mai kusurwa huɗu wanda kowane gefensa santimita 1 ne yana da faɗin baya 6, cikinsa kuwa 1, watau 6 bisa 1. Wanda gefensa santimita 3 ne yana da faɗin baya 54, cikinsa 27, watau 2 bisa 1 kacal. Haka jariri yake a gaban babba. Idan aka raba faɗin fatar jinjiri mai kilo 3 da rabi da nauyinsa, za a tarar kowane kilo nasa yana da fata fiye da ninki biyu na abin da kilon babban mutum yake da ita. Saboda haka zafi yana fita daga jikinsa da sauri in wurin da yake akwai sanyi, yana kuma shiga da sauri in wurin ya fi jikinsa zafi. Ludayin da ke saurin hucewa shi ne ke saurin ɗaukar zafi in an ajiye shi a rana.

Bugu da ƙari, jikin jariri tamkar murhu ne da ba a kashewa. Domin yana girma dare da rana, kowane kilo nasa yana cin iskar oksijin kusan ninki biyu na abin da kilon babba yake ci, yana kuma fitar da zafi gwargwadon haka. Wannan zafi dole ya sami mafita. Kan jinjiri babba ne, ya kai wajen kashi ɗaya cikin biyar na faɗin fatarsa duka, jini kuma yana gudana a cikinsa sosai. In an rufe gangar jiki da riga da zane, kai da fuska ne suka rage su zama tagar da zafi zai bi ya fita. Wanda ya ja mayafi ya rufe kan, ya rufe taga ta ƙarshe ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daidaitaccen zafin jikin jinjiri yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5 a ma'aunin santigired. Tazarar digiri ɗaya ce tak. Ƙasa da haka sanyi ya fara yi masa illa, sama da haka zafi ya fara. Babba in ya ji zafi zai yaye mayafi, ya koma inuwa, ya nemi ruwa. Jinjiri ba ya iya ko ɗaya daga cikinsu, kuma ƙwayoyin da ke fitar da gumi a fatarsa ba su gama ƙwarewa da aiki ba, musamman in bakwaini ne.

Yadda zafi ke taruwa

Jiki yana zubar da zafi ta hanyar taɓa abin da ya fi shi sanyi, da ta kaɗawar iska a kan fata, da ta fesa zafin zuwa abubuwan da ke kewaye da shi kamar yadda garwashi ke yi. Waɗannan duka suna aiki ne muddin abin da ke waje bai kai fata zafi ba. Fatar mutum kuwa takan tsaya wajen digiri 33 zuwa 35. A watannin Maris da Afrilu, lokacin bazara, zafin rana a Ƙanƙara da Faskari yakan kusanci digiri 40. A irin wannan rana iskar kanta ta fi fata zafi, don haka hanya ɗaya ce ta rage wa jiki, watau bushewar gumi.

Ya kamata a tsaya a nan kaɗan, domin mutane da yawa suna zaton fitar gumi ce ke sanyaya jiki. Ba haka ba ne. Bushewarsa ce. Kafin giram ɗaya na ruwa ya zama tururi ya tashi, sai ya zuƙi zafi mai yawa daga wurin da yake kwance. Wannan shi ne sirrin randa da tulu: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska tana busar da shi, na ciki yana yin sanyi. Da wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a shekarar 2000. Amma kowace mace ta san randar da aka naɗe da leda ba ta sanyaya ruwa. Gumi ma haka yake. In iskar da ke kewaye da fata ta ƙoshi da laima, kuma ba ta motsi, gumi zai yi ta zuba yana jiƙa riga ba tare da ya bushe ba. Jiki ya yi asarar ruwa, bai sami sanyi ba.

To, a dubi halin jaririn da ke cikin hijabi da tsakar rana. Gabansa yana manne da bayan uwarsa. Babban mutum ko yana zaune yana fitar da zafi kusan daidai da tsohon ƙwan lantarki mai wat 100, in kuwa yana tafiya da kaya a kā abin yakan ninka sau uku ko fiye. Bayan yaron akwai zane da majanyi. A samansa akwai yadi wanda rana ke duka, in mai duhu ne yana shan zafin ranar ya mayar da shi ciki. Yawancin hijaban da ake sayarwa a kasuwa yanzu na zaren roba ne, irin su foliyesta, wanda ba ya shan ruwa kamar auduga. Gumin uwa da na yaro da laimar numfashinsa duk suna taruwa a wuri guda. Cikin ɗan lokaci wurin ya zama ɗan ƙaramin ɗaki mai rufin kwano wanda ba shi da taga, da murhu biyu a ciki.

Abin da gwaji ya nuna

A ƙasashen Turai da makamantansu ba a cika yin goyo ba, a keken jarirai ake tura yara. Amma ɗabi'ar iyaye ɗaya ce, su ma sukan yafa ƙyalle a kan keken don kare yaro daga rana. A shekarar 2014 wata jarida ta ƙasar Suwidin mai suna Svenska Dagbladet ta tattauna da wani likitan yara na birnin Istokholm, Dokta Svante Norgren, wanda ya yi gargaɗi a kan haka. Sai jaridar ta ajiye keke a rana ta auna. Da babu rufi, zafin cikinsa ya tsaya a digiri 22. Da aka yafa ƙyalle marar kauri, cikin minti 30 ya kai digiri 34, bayan awa ɗaya ya kai 37. Gwajin 'yan jarida ne, ba na ɗakin bincike ba, amma ya ja hankalin duniya. A lura kuma Suwidin ƙasa ce mai sanyi, ranar da suke kira mai zafi a Sabuwa sai a ce yau an sami sauƙi.

Masana na Jami'ar Sidni ta ƙasar Ostareliya sun sake gwajin cikin tsari, suka buga sakamakonsa a shekarar 2023. Sun tarar busasshen ƙyalle mai ɗan kauri yana ƙara zafin cikin keke da digiri 3.7, shara-shara ma yana ƙarawa da fiye da digiri 2. Da suka jiƙa shara-sharan da ruwa sai zafin ya ragu da wajen digiri 3, da suka haɗa da 'yar fanka mai batir ya ragu da digiri 4.7. Hikimar randa ce dai ta sake bayyana a wata nahiya. Abin lura shi ne kekunan da aka auna babu kowa a cikinsu. A goyo, jikin yaro da na uwa suna ƙara nasu zafin a kan na rana.

Iskar da aka shaƙa aka sake shaƙa

Matsala ta biyu ta fi ta farko saurin kisa. Iskar da ke sarari tana da oksijin kashi 21 cikin 100, kabon-dayoksaid kuwa wajen kashi 0.04 cikin 100. Wadda mutum ya fitar daga huhunsa oksijin ɗinta ya ragu zuwa wajen kashi 16, kabon-dayoksaid ya hau zuwa kashi 4, watau ya ninka sau ɗari. A fili wannan ba komai ba ne, iska tana kwashe ta nan take. Babban mutum a kowane numfashi yana fitar da wajen mililita 500, daidai da ledar ruwan sha guda, kuma da ƙarfi yake huro ta. Jinjiri sabon haihuwa yana fitar da wajen mililita 20 ne, kimanin ƙaramin cokali huɗu, sau 30 zuwa 60 a minti ɗaya. Irin wannan numfashi ba ya zuwa nesa. In akwai yadi dab da hancinsa, ko fuskarsa ta nutse a tsakanin kafaɗun mai goyo, iskar da ya fitar tana nan a gabansa, ita zai sake ja. Kowane zagaye oksijin yana raguwa, kabon-dayoksaid yana ƙaruwa.

Babba in haka ta same shi cikin barci zai farka a firgice ya ture bargo. Ƙwaƙwalwar jinjiri ba koyaushe take tashinsa ba, kuma zafi yana ƙara nauyin barcinsa. Masu bincike a Jami'ar Biristol ta Ingila, waɗanda suka daɗe suna nazarin mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci, sun tattara sakamakon bincike goma a shekarar 2008. Sun ga kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na jariran da suka rasu ta wannan hanya an same su kansu a rufe da mayafin kwanciya, alhali a cikin takwarorinsu masu rai wajen kashi 3 cikin 100 ne kawai aka samu a haka.

Akwai kuma batun wuya. Bututun numfashin jinjiri faɗinsa bai wuce milimita 4 ba, kusan kamar bututun biro, kuma mai taushi ne. Kansa yana da nauyi, jijiyoyin wuyansa ba sa riƙe shi sosai sai ya kai wata huɗu. In ya zame cikin zane har haɓarsa ta haɗu da ƙirjinsa, bututun yakan lanƙwashe kamar tiyo da aka taka. A watan Maris na 2010 hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka ta yi gargaɗi a kan irin jakar ƙyalle da ake rataya jarirai a ciki, ta ce tana binciken mutuwar jarirai 14 cikin shekaru 20, kuma 12 daga cikinsu ba su kai wata huɗu ba. A cikin watan aka janye irin wannan jaka guda miliyan ɗaya na kamfanin Infantino daga kasuwa. Goyon Hausawa, in an yi shi daidai, ya fi waccan jaka kyau, domin yaro yana tsaye ne, ƙirjinsa a miƙe, zane ya tallafi ƙeyarsa, fuskarsa ta juya gefe guda. Amma majanyi yana sassautawa da tafiya, yaro yana zamewa ƙasa, kuma mai goyo ba ta da ido a ƙeya.

A nan ne babbar illar lulluɓi take, wadda ma'aunin zafi ba ya nunawa. Tun kaka da kakanni, goyo aikin gayya ne. Mace tana tafiya, wata dattijuwa a bakin hanya ta ce mata, "Baiwar Allah, gyara wa yaron nan wuyansa." Mai sayar da kayan miya ya ce, "Hajiya, kan ɗanki ya karkace." Idon jama'a shi ne madubin mai goyo. Da zarar an rufe yaro ruf, wannan gadi ya ƙare: uwa ba ta ganinsa, mutane ba sa ganinsa. Mafi muni, yaron da zafi ya galabaitar ko numfashinsa ya toshe ba ya tsala ihu. Lamo yake yi. Uwa kuwa sai ta ji daɗi, ta ce ya sami barci. An rufe shi don gudun idon mutane, an kuma raba shi da idon da zai cece shi. Garin neman gira ke nan.

To, hunturu fa?

Kada mai karatu ya ɗauka cewa rufe yaro laifi ne a kowane hali. A watannin Disamba da Janairu sanyin asuba a wannan yanki yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma sanyi yana kashe jarirai da gaske, musamman bakwaini da marasa nauyi. Jinjiri ba ya iya makyarkyata don ɗumama kansa, wani irin kitse na musamman da ke tsakanin kafaɗunsa yake ƙonawa, in ya ƙare sai jikinsa ya yi sanyi ƙalau. Uwar da ta hau acaɓa da sassafe daga ƙauye zuwa awo tana da gaskiya in ta naɗe ɗanta. Abin da ake so shi ne a san inda rufin zai tsaya. A sa masa riga guda fiye da abin da babba ya saka, da safa, da hular sanyi wadda ba ta zamowa kan ido da hanci. Tawul ko bargo ya tsaya a kafaɗa da ƙeya, a soke gefensa cikin majanyi yadda ba zai hau sama ba. Jikin uwa yana kare shi daga iskar gaba, fuskarsa kuma tana waje.

Mafi ingancin bargo shi ne fatar uwa. A shekarar 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, Dokta Edgar Rey ya rasa isassun kwalaben renon bakwaini, sai ya sa iyaye mata su ɗaure jariransu a ƙirji, fata da fata, a rufa su tare, kai da fuska a waje inda uwa ke kallo. Dabarar ta ceci rayuka masu yawa, har a shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara ta nan take bayan haihuwar bakwaini. Goyon gaba ne, ba wani abu ba.

Kuskuren da aka fi yi da hunturu shi ne mantuwa. An fito da asuba ana rawar ɗari, kafin azahar zafi ya kai digiri 30, yaro yana nan cikin shirin asuba. Haka nan in an shiga mota ko ɗakin jira mai cunkoso. Kayan sanyi na wurin sanyi ne, a rage su da zarar wuri ya sauya. Wani abin kuma shi ne kaskon garwashi da ake sa wa mai jego a ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iskar kabon-monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da oksijin sau ɗari biyu. Jariri ne ke fara jigata. Game da ciwon haƙarƙari da ake tsoro, watau namoniya, ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, hayaƙin ɗaki yana taimaka musu. Nijeriya ta shigar da allurar rigakafinsa cikin alluran yara tun ƙarshen shekarar 2014, ita ce kariyar da bargo ba zai iya bayarwa ba.

Doguwar tafiya

Halin da yankin ya shiga ya ƙara wa batun nauyi. Matsalar 'yan bindiga, wadda duniya ta sani sosai bayan sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, ta raba iyalai da yawa da ƙauyukansu. A shekarar 2021 gwamnatin Alhaji Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme na wani lokaci, sai an zagaya ta Funtuwa. Duk lokacin da tafiya ta tsawaita, ko aka yi ta a ƙafa da kaya, ko a motar da aka cusa mutane kamar buhuna, yaro yana daɗewa a goye ba a duba shi ba. A mota akwai ƙarin haɗari in mace ta zauna da goyo a baya, domin jingina ko birki yana matse yaron tsakanin jikinta da kujera. A sauko da shi cinya, a yaye masa kai. In ana shayar da shi a ƙarƙashin mayafi saboda kunya, a bar kafa ta sama inda uwa ke ganin fuskarsa, a kuma fito da shi da zarar ya saki nono, kada a bar shi ya yi barci a ciki.

Inuwa daban, rufi daban. Inuwa tana tare rana daga sama ta bar iska ta ratsa ta gefe, kamar ta bishiyar darbejiya ko ta rumfa. Laima tana yin wannan aiki, faffaɗar malfa ma tana yi, haka nan tafiya da sanyin safiya ko bayan la'asar. Mai hijabi za ta iya ɗaura goyon a kan hijabin, ko ta naɗe bayansa ta soke shi ƙarƙashin kan yaron. Da bazara, lokacin da iska ta bushe, farin ƙyallen auduga da aka jiƙa aka matse yana da amfani a yafa shi a bayan yaron da ƙafafunsa, amma ba a fuska ba, domin jiƙaƙƙen yadi yana liƙewa a hanci. Da damina, in laima ta cika iska, amfaninsa kaɗan ne. In an kwantar da yaro kuma ana gudun ƙuda da sauro, gidan sauro aka tanada don haka, rigingine ake kwantar da shi, ba rub da ciki ba.

Gane alamu

Tafin hannu da ƙafar jariri sukan yi sanyi ko da jikinsa lafiya lau, don haka ba su ne abin dubawa ba. A sa bayan hannu a ƙirjinsa ko ƙeyarsa. In da ɗumi kuma a bushe, daidai ne. In da zafi, ga gumi, gashi ya jiƙe, ga ƙurajen zafi a wuya, kaya sun yi yawa. Alamun da suka wuce nan su ne numfashi da sauri, watau sau 60 ko fiye a minti ga wanda bai kai wata biyu ba, sau 50 ko fiye ga ɗan wata biyu zuwa shekara, da ƙin kama nono, da faɗawar maɗiga, da ƙarancin fitsari, da sakin jiki, da wuyar tashi daga barci, da sauyin launin leɓe, da jijjiga. Wanda ya ga haka ya kai yaron inuwa, ya tuɓe masa kaya, ya shafe jikinsa da ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba, ya yi masa fifita. In yana iya tsotsa a ba shi nono. Ba a ba ɗan ƙasa da wata shida ruwa, domin nono kansa wajen kashi 87 cikin 100 ruwa ne, sai dai a yawaita ba shi. Sa'an nan a garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, a hanya kuma kada a sake lulluɓe shi. Zazzaɓi ga jinjirin da bai kai wata uku ba abin gaggawa ne ko mene ne sanadinsa, kuma ba a naɗe mai zazzaɓi da bargo wai don ya yi gumi.

Aikin aji

Malamin kimiyya zai iya nuna duk wannan da kayan da ba su da tsada. A sami kwalaye huɗu masu girma ɗaya, a buɗe samansu, a sa ma'aunin zafi a cikin kowane, a jingine shi yadda rana ba za ta doki kansa kai tsaye ba. A jera su a filin makaranta da ƙarfe 12 na rana. Na farko a yi masa inuwa da laima daga sama, gefe a buɗe. Na biyu a rufe shi da baƙin hijabi na roba. Na uku a rufe shi da busasshen farin zanen auduga, na huɗu da irin wannan zanen amma a jiƙe. Ɗalibai su rubuta abin da ma'auni ya nuna duk bayan minti goma har awa ɗaya, su zana jadawali. Sa'an nan a cika gorar roba da ruwa mai ɗumin jiki, wajen digiri 37, a sa a kowane kwali a matsayin jariri, a maimaita. In an yi gwajin a Afrilu, a ajiye sakamakon a sake yi a Agusta, ɗalibai su bayyana dalilin da ya sa kwali na huɗu ya sauya hali.

Don batun numfashi, a zuba ruwan laim na ɗakin gwaji a kwalabe biyu. A hura iska cikin ta farko da famfon keke, cikin ta biyu kuma ɗalibi ya hura da bakinsa ta tsinken shan lemo, ba tare da ya zuƙa ba. Ta biyu za ta yi fari kamar tsinkakken nono tun ta farko tana garau, wannan ce shaidar kabon-dayoksaid. Ba a yin gwajin rufe fuska da mutum, babba ko yaro. Daga nan kowane ɗalibi ya koma gida da agogo, ya ƙirga numfashin ƙaninsa ko ƙanwarsa na cikakken minti ɗaya yayin da yaron ke barci, ya ƙirga nasa, ya kawo lambobin biyu aji tare da watannin yaron.